Akori-Kurata, Manyan Taya da Kunnen Kawu

To, tunda an sauke shayi na biyu, yara kuma sun shige ciki, ku matso in ba ku labarin motar nan da kuka daɗe kuna tsokanata da ita. Amma da sharaɗi. Abin da aka faɗa a majalisar nan, a nan zai kwana. Musamman kai da matarka take ƙawar uwargidana. Na san yadda magana ke tashi daga Hyattsville ta sauka Lanham kafin a kira isha'i.

Kun dai san ta, farar akori-kurar Toyota ƙirar 1991, mai ja da ƙafa huɗu, mai giya biyar na hannu. Wajen wani dattijo na saye ta, wanda ya ce gwiwarsa ta gaji da taka kuloci. Da a gida ne, Hilux za a ce a wuce wurin. A nan kuwa tun cikin shekarun 1970 aka daina kiran ta da wannan suna, a 1995 kuma Tacoma ta gaje ta. In kun taɓa mamakin abin da ya hana ku ganin sabuwar Hilux a titin Amurka, to da hannun kaji a ciki. Faransa da Jamus ta Yamma ne suka lafta wa kajin Amurka haraji, shi kuma Shugaba Lyndon Johnson ya rama a 1964 da harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin kaya da ake shigowa da su. Rigimar kaji ta daɗe da mutuwa, harajin yana nan har gobe.

Injinta shi ne wanda ake kira 22R-E, silinda huɗu, lita 2.4, ƙarfin doki bai wuce 116 ba. Ba ta gudu, ba ta kuma taɓa cewa za ta yi ba. Haƙuri ne da ita. Danginta ne sojojin Chadi suka hau a 1987 suka tarwatsa tankokin Libiya, har aka laƙaba wa yaƙin sunan Toyota. Ni dai aikin da nake sa ta bai kai yaƙi ba. Ranar Asabar in kwashi durom-durom na masu aika kaya gida, da tsofaffin injina, da firij, in kai su wajen masu loda kwantena a hanyar Baltimore. Shekara biyu muna haka, ba ta taɓa kunyata ni ba.

Ni na fara kunyata ta.

Wata rana ina gangarowa ta titin Baltimore, daidai tsohon shagon motocin Lustine ɗin nan da yanzu ya zama wani ɓangare na unguwar masu zane-zane, sai ga wani saurayi a irin motata sak. An ɗaga ta, an ɗora ta kan taya kamar na tarakta. Muka tsaya a danja kafaɗa da kafaɗa, yana leƙo ni daga sama kamar mai raƙumi da mai jaki. Wallahi ban yi barcin kirki ba a daren. Kafin wata ya ƙare na ɗaga tawa, na cire tayoyinta na asali, 225/75R15, masu tsayin inci 28.3, na sa masu inci 33. Uwargida ta tambaya, na ce tsofaffin sun suɗe, waɗannan kuma ragi aka yi. Tsofaffin sun suɗe ɗin, wannan gaskiya ne.

Kyau kam ta yi. A harabar masallaci ranar Juma'a har hoto aka yi da ita. Amma ranar da na fara hawa titin 95 da kaya, sai na ga ikon Allah. Ina giya ta biyar, ƙafata ta danne totur har ƙasa, mota kuwa sai ja da baya take a ɗan hawan da ko mai keke ba zai kula da shi ba. Tireloli na danna mini fitila. In dawo ta huɗu, wani lokaci har ta uku. Tashi daga danja sai na ƙona kuloci. Mai kuwa kamar ana tsiyayar da shi a ƙasa.

Sannan takarda ta zo gida. Kun san a Maryland kyamarar gudu sai ka haura ƙa'ida da mil 12 take ɗaukar ka. Wurin mil 25 ne, kusa da makaranta, na kuma rantse allurata ba ta wuce 33 ba. Hoton ya ce 38. Uwargida ce ta buɗe ambulan. Sai daga baya na gane cewa da ni da kyamara duk gaskiya muka faɗa. Allura juyin farfela take ƙirgawa, ba ta san na sauya taya ba, ita kuwa babbar taya kowane juyi tana cin ƙasa fiye da tsohuwar da kusan kashi 17 cikin ɗari.

A wannan hali na je majalisar Kawu, can bayan tashar jirgin West Hyattsville. Waɗanda ba su san garejin nan ba, ɗan ɗaki ne a bayan gida, da hita guda, da kujerun mota da aka ciro aka jingina da bango. Kawu ya buɗe ido a kanikanci ne a Kaduna, zamanin da kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a 1975. Ya ci 404, ya ci 504, ya yi zaman Panteka kafin ya biyo 'ya'yansa nan. A ranar akwai Ɗan Maraɗi, mai tura motoci ta tashar Baltimore, da yaron nan da muke kira Injiniya tun yana karatu a jami'ar da ke College Park.

Na gaida Kawu, na zauna, na ce na yanke shawara, aksil zan sauya.

Injiniya ya zaro waya tun ban rufe baki ba. Ya ce, “Yaya, ka yi daidai. Ka tuna keke mai canji? In za ka hau tudu, babban faifan baya kake komawa. Ƙafa ta yi ta juyawa da sauri, amma ba nauyi. To haka cikin aksil yake. Akwai ƙaramin mai haƙora da farfela ke juyawa, akwai babban faifai da ke juya taya. Naka, in na asali ne, haƙora 41 ne a babban, 10 a ƙaramin. Raba ka gani, 4.10. Wato farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya, taya ta juya sau ɗaya. Da ka sa babbar taya, tamkar ka mayar da mai keke ƙaramin faifai ne ka ce ya hau Dala.”

Kawu ya ce, “Wannan mun san shi tun ba a haife ka ba. Faɗi wanda ba mu sani ba.”

Ya ce, “To Kawu, ga lissafi. A ɗauki gudun mota da mil, a ninka da lambar aksil, a ninka da lambar giya, a ninka da 336, a raba da tsayin taya. Abin da ya fito shi ne juyin inji a minti. Giya ta biyar a motar Yaya 0.85 ce. A mil 65, wato wajen kilomita 105, da tayoyin asali injin yana juyi 2,690. Da waɗannan na gayun ya faɗo 2,300. Ƙaramin inji irin wannan, a 2,300 bai gama farkawa ba. In ana so ya koma inda yake, a ninka 4.10 da 33 a raba da 28.3. Ya ba da 4.78. Mafi kusa a kasuwa 4.88, haƙora 39 da 8. Da shi za a samu juyi 2,745.”

Ɗan Maraɗi ya ajiye kofi. Ya ce, “Mi za a tsaya yi da 4.88? Mutumina, in za ka yi, yi mai gaba ɗaya. Sa 5.29. Ka ɗora mata buhu ashirin, ka sa bitas ta biyu, ta tashi kamar ba komai. Mutanen Agadas da za su samu irin wannan ai sai sun yi sadaka.”

Injiniya ya ce a mil 65 wannan juyi kusan 3,000 ne, injin zai yi ta ihu daga nan har Baltimore. Ɗan Maraɗi ya ce ihu ba ya kashe inji. Suka kaure. Ni kuwa ina zaune ina jin daɗi, don duk inda gardamar ta faɗi, ni dai an yarda ciwon a aksil yake, ba a kaina ba.

Kawu bai sa baki ba sai da suka gaji. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, kafin ka sa manyan tayan nan, tana jan ta biyar da kaya a hawan nan?”

Na ce tana ja. Ya yi shiru yana kallona. Na ce, to, tana ɗan ja. Gaskiya tun kafin tayan ta fara nauyi, ni ne na ɗauka tsufa ne.

Ya ce, “Ajiye mini makulli. Ka hau jirgi ka tafi gida. Mota mai zafi maƙaryaciya ce, gobe bayan asuba za ta faɗa mana gaskiya.”

Watan Nuwamba ne, raɓa ta daskare a gilashi. Kawu ya buɗe bonet, ya tsuguna wajen gaban injin da hularsa ta sanyi, ya ce in tayar. Ina murɗa makulli sai ga wata ƙara, kar-kar-kar, kamar an ja sarƙar rijiya a bakin guga. Daƙiƙa biyu ko uku ta ɓace. Kullum ina jin ta, kullum ina ƙara muryar rediyo. Kawu ya miƙe yana riƙe da ƙugu ya ce, “An bar jaki ana dukan taiki. Kira mini yaron nan ya zo da fitilarsa.”

Ga waɗanda ba su taɓa shiga ƙarƙashin bonet ba, tayimin kala biyu ne, mutane na cakuɗa su. Akwai na wuta, wato lokacin da fulogi ke ƙyasta wa mai. Akwai na sarƙa, wadda ke haɗa karanshaf da kamshaf don bawul su buɗe su rufe a kan kari. Na wutar, dole fulogi ya ƙyasta tun fistin bai kai ƙololuwa ba, domin mai ba ya ƙonewa nan take, sai ya ɗan ɗauki lokaci. In wutar ta makara, fistin ya riga ya fara gangarawa, ƙarfin ya bi salansa, injin ya yi zafi, ya sha mai a banza. In ta yi gaggawa, sai ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wannan kuwa hanyar buga inji ce.

Kawu ya ce a zamanin 504 ba ya neman fitilar kowa. Ya sassauta dilko, ya murɗa shi a hankali har injin ya yi masa muryar da yake so, ya ɗan dawo da shi baya, ya ɗaure. Amma shi da bakinsa ya ce wannan ba 504 ba ce. A wannan injin hannu biyu ne a kan wutar, na dilko da na ƙwaƙwalwar mota. Kana murɗawa tana gyarawa. Kunne ba zai raba muku gardama ba.

Da injin ya yi ɗumi, Injiniya ya maƙala fitilar tayimin a wayar fulogi na ɗaya. Ɗan Maraɗi, da ya zo kallo da burodi, ya ce a garinsu buji ake cewa. Sai yaron ya buɗe wani ɗan akwati a gefen injin, ya lanƙwasa guntuwar waya, ya haɗa ramuka biyu, TE1 da E1. Nan take muryar injin ta sassauta, fitilar gargaɗi ta fara ƙiftawa a gaban sitiyari. Ya ce wannan wayar ita ke ce wa ƙwaƙwalwa ta janye hannunta, a ga dilko shi kaɗai. Ya ce in an sa ta murya ba ta sauka ba, to kada a taɓa dilko tukuna, na'urar da ke jikin totur ce ta goce, ƙwaƙwalwa ba ta san an ɗage ƙafa ba.

Ya haska fuli. Ƙa'idar injin nan digiri 5 kafin ƙololuwa. Tsagar da ke jikin fuli kuwa ta wuce sifiri, tana ɗaya gefen, kuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba, sai rawa take.

Kawu bai yarda da fuli ba tukuna. Ya ce akwai roba tsakanin cikinsa da wajensa, in ta tsufa zoben waje kan zame, tsagar ta koma nuna ƙarya. Aka kashe mota, ya cire fulogi na ɗaya, ya zura tsinken tsire mai tsawo a ramin, ya sa ni juya karanshaf da sufana 19 sannu a hankali. Tsinke ya yi ta hawa, ya tsaya, ya fara sauka. Inda ya tsaya, tsaga tana kan sifiri daidai. Fuli ya fita daga zargi.

Injiniya ya ce, “Yaya, wani ya taɓa saita motar nan ba tare da ya sa waya ba. In babu waya, ƙwaƙwalwa na ƙara nata, fitila ta nuna wajen digiri 12. Shi kuma ya ga littafi ya ce 5, sai ya murɗa dilko har ya ga 5. Ka ga ya makarar da wutar da kusan digiri bakwai ke nan. Wane makaniken ne ya yi maka wannan aika-aika?”

Na ce wataƙila dattijon da ya sayar mini ne.

To jama'a, abin da ya sa na ce maganar nan ta kwana a nan ke nan. Ba dattijo ba ne. Bawan Allah ya ba ni mota lafiya lau. Ni ne, wata shida bayan na saye ta, na ari fitila wajen wani maƙwabci, na karanta rabin takardar da ke manne a cikin bonet, na ga lamba 5, ban tsaya karanta layin ƙasa ba. Na gama na wanke hannu ina jin kaina injiniya. Gyaran gangar Auzinawa. Shekara ɗaya da rabi ina yawo da motar da na ɗaure wa ƙafa da hannuna, sannan na zo na ƙara mata manyan takalma. Kawu bai ce komai ba a ranar, amma ya dube ni ta saman tabarau irin kallon da malamin allo ke yi wa yaron da ya ce akuya ce ta lashe masa rubutu. Ya sani. Har yau bai tona ba, Allah ya saka masa.

Saura rawar tsaga da ƙarar asuba. Muka cire murfin saman inji, Kawu ya haska tocila ƙasa ta gefen direba. Sarƙa ɗaya ce siririya, tana bin jikin wasu madogarai na roba. Roba ce da ta haura shekara talatin tana wanka a baƙin mai mai zafi, ai ta yi ƙoƙari. Ta gefen direban ta karye, sarƙa ta yi sako-sako, tana dukan murfin gaba, har ta yi masa zane biyu masu sheƙi a jikin alminiyom. Kawu ya ce in san bayan zanen nan hanyar ruwan lagireto ce. Ranar da sarƙa ta huda wurin, ruwa zai gangara cikin baƙin mai, in zaro sandar awo in ga kamar kunun gyaɗa. In kuma ta tsallake haƙora da yawa, fistin ya gaisa da bawul. Allah ya sa da sauran kauri.

Asabar biyu muka yi a kai. Ba zan gajiyar da ku ba, amma akwai abu uku da ba na mantawa. Akwai wani noti guda da ke ɓoye a gaban kan silinda, cikin ɗan tafkin baƙin mai, yana riƙe da murfin gaba ta sama. Wanda bai san da shi ba zai yi ta ɓanɓarar murfi har ya fasa. Kawu ya sa tsumma ya tsane man, sai ga kansa ya fito kamar kwaɗo. Sai gutsattsarin robar da suka zube cikin kaskon mai na ƙasa, waɗanda in an bar su za su toshe matatar famfon mai. A mai ƙafa huɗu irin tawa, kaskon ba ya fita sai an sauke aksil ɗin gaba. Mun sauke, mun kwashe, mun mayar, bayanmu ya gaya mana. Na ukun, da muka haɗa komai, sabuwar sarƙa, madogara mai ƙarfe a baya, ƙyallayen idanun sarƙa a kan alamominsu, sai fitila ta ƙi kai wa 5 ko da an murɗa dilko har ƙarshen tsagarsa. Haƙori ɗaya na kuskure wajen zura shi. Aka zaro, aka matsa, aka mayar. Tsaga ta zauna a kan 5 kamar an kafa ta da ƙusa.

Da na fita gwaji a titin Kenilworth sai na ji kamar an sauya mini mota. Tashi daga danja ya dawo, allurar zafi ta sauka, ƙarar asuba ta tafi. Rabin ciwon da na so in kashe wa kuɗin jirgin Kano zuwa da dawowa, ashe guntuwar waya ce da sarƙa.

Rabi dai na ce. Injiniya bai yi ƙarya ba, lissafi lissafi ne. Da kaya a baya, giya ta biyar a juyi 2,300 har yanzu nishi take. Sai muka koma kan aksil, wannan karon da idon basira.

A jikin ƙofar direba akwai takarda mai lambobi, a ciki akwai G292. Injiniya ya ce G na nufin babban faifan mai inci 8 ne, 29 kuma 4.10. Kawu ya ce takarda ba ta san abin da aka yi wa mota cikin shekara talatin ba. Ya sa aka ɗaga ƙafar baya guda da jak, aka saki giya, ya shafa alli a taya da jikin farfela. Ya ce tunda ƙafa ɗaya ce a sama, sau biyu za a juya taya. Na juya, yana kwance yana ƙirga. Huɗu da ɗan ɗoriya. Takarda ta yi gaskiya. Kafin ya fito ma sai da ya bi firam da guduma yana ƙwanƙwasawa, don gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye motoci da yawa ta ƙasa alhali fentinsu na sheƙi. Ya ce ba a yi wa gawa kaciya. Ƙarfe ya amsa da murya mai kyau.

Nan fa aka zo maganar kuɗi. Mai ja da ƙafa huɗu aksil biyu gare ta, kuma dole lambarsu ta zama ɗaya. In gaba na 4.10 baya na 4.88, ranar da ka haɗa ƙafa huɗu za su yi ta kokawa da juna har wani abu ya karye a tsakani. Ke nan komai sau biyu za a saya. Sannan sa sababbin haƙora ba aikin sufana ba ne kawai. Tazarar da ake bari tsakanin babba da ƙarami ba ta wuce kaurin gashi biyu ba, wajen 0.005 zuwa 0.007 na inci. Ana shafa wani rawayan fenti a haƙoran, a juya, a duba inda suka taɓa juna, a ƙara siririn faifai ko a rage, a sake. In an kuskure, aksil ya yi ta kuka kamar kura a bayan gari har ya cinye kansa. Kawu ya ce ya yi irinsa ba adadi, amma yanzu idonsa ba ya ba shi, kuma ba zai koya wa yaro a kan motar da ake neman abinci da ita ba.

Sai ya yi mini tambayar da ta kashe bakina. Ya ce, “Tunda ka sa tayan nan, sau nawa ka sauka daga kwalta?”

Na yi tunani. Sau ɗaya, a filin ciyawar da aka yi Sallar idi.

Ya ce, “To ina rairayi a nan gundumar Prince George's? Hanyarka 495 ce da 95, da kaya a baya. Ka zaɓa wa motar da kake tuƙawa, ba wadda ka gani a danja ba.”

Ɗan Maraɗi ne ya kawo mafita, duk da an ƙi 5.29 ɗinsa. Ya ce ai kamfanin da kansa ya fitar da irin motar nan da taya mai inci 31, ya kuma haɗa ta da aksil 4.56, haƙora 41 da 9. In aka samu wadda ta yi hatsari, sai a ciro na gaba da na baya gaba ɗaya, yadda aka saita su tun daga masana'anta, ba ruwanmu da rawayan fenti. Na bayan ma sauƙi gare shi, a zare sandunan ƙafa, a kwance notuna, ƙoƙon ya fito ɗungurungum. Amurkawa kabewa suke ce masa, in kun gan shi za ku ce sun yi gaskiya. Injiniya ya danna waya. Taya 31, aksil 4.56, mil 65. Ya ce juyi 2,730. Kusan inda aka fara.

Sati uku Ɗan Maraɗi yana leƙa ƙofofin matattun motoci a makabartunsu na hanyar Baltimore, sai ga shi ya kira ni da hantsi yana ihu, ya ga G254, wato mai 4.56. Muka je da akwatin sufana cikin sanyi mai yanka kunne. Kawu ya ce kada mu biya sai mun juya haƙoran ɗaya bayan ɗaya mun ga ba wanda ya gutsure, mun kuma duba man ko da garin ƙarfe. Lafiya lau suke. Aksil ɗin gaban da muka sha wuyar mayarwa wata guda da ya wuce, muka sake sauke shi. Ɗan Maraɗi yana riƙe da tocila yana dariya har da tari. Aka zuba sabon man aksil mai lamba 80W-90, wanda warinsa ya bi rigata har uwargida ta tambaya ko ruɓaɓɓen ƙwai na zauna a kai.

Aka ɗaura mata taya masu inci 31. Asabar da ta biyo na ɗauki durom shida da injin wanki na hau 95. Na sa ta biyar tun daga mahaɗar 495, ban sake taɓa giya ba sai da zan sauka. Na duba allura, na duba taswirar waya, mil ɗaya ne tsakaninsu. A hawan nan da tireloli ke danna mini fitila, ni na wuce wata. A hankali dai, amma na wuce ta.

Manyan tayan kuwa suna nan jibge a bayan garejin Kawu, an rufe su da tamfol. Ɗan Maraɗi ya ce zai cusa su a kwantena, sai dai tunda hanyar Kwatano ta rikice a 2023 kaya ta Lome suke zagayawa, kuɗin ɗauka zai cinye ribar. Gwaggo, matar Kawu, ta riga ta sa ido a kan guda biyu, ta ce in bazara ta yi za ta cika su da ƙasa ta shuka yakuwa. Ban amsa ba, ban kuma hana ba.

Ran Juma'ar nan da ta wuce, muna fitowa za mu tafi masallaci, uwargida ta tsaya ta ƙare wa motar kallo daga sama har ƙasa. Ta ce, “Malam, ni kuwa kamar motar nan ta rage tsawo.” Na ce tsufa ne, kowa ma yana ranƙwafawa. Ta ce, “Uhm.” Ta buɗe ƙofa ta hau, ba tare da ta nemi in kama mata hannu ba kamar da.

Wannan “uhm” ɗin ne ya hana ni sakewa har yanzu. Kai mai matar, kalle ni nan. Zuba mini na ukun, kada ka cika sukari.